Daga Kano Zuwa N'Djamena Cikin Dogon Hijabi

Bikin 'yar yayata ne ya fitar da ni daga Kano zuwa N'Djamena a hunturun ƙarshen 2024. Yaya ta yi aure can tun ina ƙarama, duk 'ya'yanta can ta haife su, wannan kuwa ita ce auta. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, ga kuma gudummawar dangi da aka ɗora mini: atamfofi daga Kantin Kwari, daddawa, kuka, garin ɗanwake, da zannuwan gado. Sai na bi hanyar da fatake suka saba, wato Maiduguri zuwa Gamboru, a ratsa Kamaru, a ɓulla Kusuri. Ɗan ƙanina ne ya raka ni, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Tun kafin ranar tafiya mata suka yi ta shigowa da shawara, kuma duk a kan sutura, saboda zargin da ake yi wa mace mai hijabi tun da Boko Haram ta fara ɗaura wa mata bam. Wata ta ce kada in sa baƙi. Wata ta ce in rage tsawon hijabi, ya tsaya a gwiwa. Maƙwabciyata da ke fataucin turaren wuta daga Borno ta ce in na zo shinge in fito da hannuwana duka biyu waje, kada a ga suna motsi a ƙarƙashin mayafi. Ba wanda ya ce wa yaron da zai raka ni komai, shi kuwa ya zuba jallabiya, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai, wadda ta fi hijabina iya ɓoye abu. Ni dai dogon hijabi nake sawa tun ina Islamiyya, da shi nake koyarwa, da shi nake zuwa kasuwa, da shi kuma na hau mota.

Da asuba muka tashi. Muna wuce Hotoro na tuna da ƙaramar sallar 2014, lokacin da wata yarinya ta tayar da bam a cikin layin mata masu sayen kananzir a gidan mai. Kwana ɗaya kafin nan an yi a Ƙofar Nassarawa, bayan kwana biyu aka yi a Kwalejin Fasaha, cikin ɗaliban da suka zo duba sunayensu na bautar ƙasa. A shekarar nan ba a yi hawan salla ba. Daga makon nan ne kallon da ake yi wa mace mai hijabi a Kano ya canja, ni shaida ce, domin na ga ɗan adaidaita ya rage gudu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ƙara mai.

Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta kusa kilomita 600, kuma kusan duk babban garin da za ku ratsa yana da kasuwar da ba ta manta ba. Azare, kasuwar wayoyi, Nuwamba 2014. Potiskum, ita ma kasuwar wayoyi, Janairu 2015. Damaturu, tashar mota, Fabrairu 2015. Duka mata ko 'yan mata aka ɗaura wa abin. Direbanmu, dattijo mai furfura a gemu, yana nuna mana wuraren da haɓa ba tare da ya saki sitiyari ba.

A Potiskum fasinja ɗaya ya sauka, wata yarinya mai goyo ta shigo a madadinsa. Hijabinta ya koɗe, gefensa ya sha ƙura, tana rungume da ƙullin buhu a cinya. Kafin ta gama zama mutumin da ke kusa da ita ya matse jikinsa ya koma jikin ƙofa, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Direba, a duba kayan nan tukuna." Direba ya juyo, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri ki kwance." Ta kwance hannunta na rawa. Tsummokaran jariri ne, da garin kunu a leda, da katin asibiti. Ta ɗaure, ta sunkuyar da kai, har muka isa Damaturu ba ta ƙara ɗagowa ba.

A tashar nan kuwa an ɗora wa wani mutum kwali biyu, an naɗe su da salatif, ba wanda ya tambaye shi mene ne a ciki. Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, in binciken gaskiya ake yi, ai ga kwalaye can." Motar ta yi tsit. Can wani tsoho ya ce, "Hajiya, kada ki ga laifinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Gaskiya ya faɗa, kuma daga baya na ji a bakinsa cewa ya binne ƙaninsa bayan wani hari a Potiskum ɗin. Ban raina tsoronsa ba. Amma ni ma da hijabi na shiga motar nan, mai tsawo har ƙasa, wanda ya fi na yarinyar faɗi, ba a ce in buɗe jakata ba. Nawa gogagge ne, ina ƙamshin turare, ga agogo a hannu, ga namiji a gefena yana ce mini Gwaggo. Abin da aka gani a jikinta talauci ne da rashin mai tsaya mata.

Daga Damaturu direba ya daina hira. Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno, kowa na ta salati ƙasa-ƙasa yana duba agogo, domin dole a shiga gari kafin a rufe hanya. A Auno ne a Fabrairun 2020 aka kashe matafiya kimanin 30 da dare ya riske su a waje bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri, aka ƙone motoci da mutane a ciki. Mun shiga ta Njimtilo da sauran rana.

Na sauka gidan 'yar ƙanwar mahaifiyata. Shatin ruwa na nan a bangon ɗakinta, ya kai ƙirjina, tun ambaliyar Satumba da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye rabin gari. Muka ci tuwo da miyar kuka, ta kunna kasko ta zuba turare, hira ta kai mu kan abin da na gani a mota. Ta ce, "Yaya, ai yanzu an samu sauƙi. Ba ki zo a 2016 da 2017 ba." Ta ce a lokacin in mace ta doso shinge, daga nesa za a daka mata tsawa ta tsaya, ta ɗaga hijabi sama, ta juya. Wasu matan tun kafin a ce musu komai sai su tsuguna, don a ga babu abin da ya ɗaure musu ciki. Ta ce uwaye sun riƙa tilasta wa 'ya'yansu wanka da wanki ko da sabulun bashi ne, saboda an san 'yan matan da ake turowa daga daji a jigace suke isowa, da daƙal-daƙal ɗin kaya, to duk yarinyar da aka gani haka ta shiga uku. Talla ta gagari yara da yawa. Wa zai bari mai faranti ta matso kusa da majalisarsa?

Tsoron yana da tushe. Wani bincike da cibiyar nazarin ta'addanci ta kwalejin sojan Amurka da ke West Point ta fitar a 2017 ya ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 da Boko Haram ta tura daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, a cikinsu 244 mata ne. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta yi amfani da mata haka ba. UNICEF kuma ta ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 kaɗai an ɗaura wa yara 83 bam, 55 mata, har da wata da aka goya wa jariri. An ɗan manta, sai ga Gwoza ranar 29 ga Yunin 2024, mata suka tashi bam a wurin biki, da asibiti, da wurin jana'izar waɗanda aka kashe, sama da mutum 30 suka rasu. 'Yar'uwata ta ce a satin nan ta sake ganin irin kallon da ta ɗauka ya wuce.

Ta kuma tuna mini da abin da ya faru a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi a farkon Maris 2015. Wata mata ta ƙi tsayawa a bincike ta a bakin kasuwa, jama'a suka rufe ta da duka, suka rataya mata taya, suka cinna wuta. Ba a sami bam a jikinta ba. Daga baya aka ji tana fama da taɓin hankali ne. Ba ta shiga lissafin waɗanda Boko Haram ta kashe ba, amma yaƙin nan ne ya ci ta.

Washegari da sassafe muka nufi Muna, inda motocin Dikwa da Gamboru suke taruwa su jira rakiyar sojoji. Tirela, bas, ƙananan motoci da aka yi wa lodi har rufi, duk a layi ɗaya. An sha kai hari wurin nan, don haka bincike ba wasa. Aka ware maza gefe, mu mata aka nuna mana wata rumfa da aka kewaye da buhu. A ciki wata mata ce, 'yar Kato da Gora, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da hijabinta, da riga mai alamar aiki a kai. Ta ce, "Hajiya, ina kwana. Ki yi haƙuri, zan taɓa ki." Ta shafa ni daga hammata zuwa ƙugu, ta duba baya, ta leƙa jaka, ta gyara mini hijabi da hannunta, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Wadda ta biyo bayana tsohuwa ce ba takalmi, na tsaya ina gani, gaisuwar da aka yi mini ita aka yi mata, sai dai ita Inna aka ce mata.

Jiran ayari ya yi tsawo, sai na koma rumfar na kai mata ƙosai, muka zauna. Ta ce tun 2013 da matasan gari suka tashi da gora, aka ga ba yadda za a yi namiji ya laluba matar mutane, sai su mata suka shigo. Na tambaye ta ba ta jin tsoro? Ta ce, "Hajiya, soja yana can nesa da bindiga yana ba da umarni. Ni ce nake rungumar ta. In da abu a jikinta, ni da ita za mu tafi." Ta ce akwai ƙawarta da ta tafi a haka. Sai kuma ta ce abin da mutane ba su sani ba, da yawa daga cikin yaran nan ba sa so. Wata za ta tsaya can nesa tana kuka tana cewa a zo a cire mata, ba wanda zai iya matsawa, kowa na gudu, ita kuma ba ta san inda za ta taɓa ba.

Matar nan ta fi duk wanda na haɗu da shi a hanyar kusa da haɗari, ita ce kuma ba ta wulaƙanta kowa ba. Tun daga rumfar nan na daina yarda da masu cewa sai an ci mutuncin mace ake samun tsaro.

Ayari ya tashi da hantsi, motar soja a gaba, wata a baya. Bayan Mafa daji ne fetal, ƙaya da busasshiyar ciyawa, ƙauyuka kufai, ramuka a kwalta da direba ke kauce wa yana bin sawun motar gabansa daidai, domin ba a yarda da gefen titi. A Dikwa aka tsaya. Garin Rabe ne, nan ya kafa hedikwatarsa bayan ya ci Borno a 1893, ganuwarsa na nan har yau. Amma abin da ke raina sansanin 'yan gudun hijira ne. Ranar 8 ga Fabrairun 2016 'yan mata uku suka iso sansanin Dikwa da dare, aka karɓe su a matsayin waɗanda suka tsero, aka ba su wurin kwana. Da safe biyu suka tayar da abin da ke jikinsu, kusan mutum 60 suka rasu. Ta ukun ta ƙi. Ta gane cewa iyayenta da 'yan'uwanta suna cikin sansanin, ta miƙa kanta.

Ina zaune a mota ina kallon 'yan mata a layin famfo da jarkoki, ina tunanin yarinyar nan. Wanda ya haɗa bam ɗin namiji ne, wanda ya ɗaura mata namiji ne, wanda ya kawo ta bakin gari namiji ne, duk sun koma daji ba wanda ya ga fuskarsu. Fuskar da jama'a suka riƙe ta yarinya ce cikin hijabi. Su kuma waɗanda Allah ya kuɓutar daga daji suka dawo gida, da yawa ba su tarar da hannu biyu ba. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake kiran su matan Boko Haram, ana ce musu annoba, ana gudun 'ya'yan da suka dawo da su. An sace su ba a kare su ba, sun dawo kuma ana zargin su.

Mun isa Gamboru da la'asar. Garin da aka kashe mutum kimanin 300 a rana ɗaya a Mayun 2014 ya sake cika da 'yan canji da masu lodi. Muka kwana, da safe muka taka gada a kan kogin El Beid, sai ga mu a Fotokol, ƙasar Kamaru. A nan ne ranar 12 ga Yulin 2015 mata biyu cikin lulluɓi suka kashe sama da mutum goma, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnan Jihar Arewa Mai Nisa, Midjiyawa Bakari, ya haramta rufe fuska. Nijar ma ta yi haka a Diffa a watan. Jandarma ya karɓi takarduna, ya yi mini nuni in ja hijabi baya ya ga goshi da kunne, ya dubi hoto, ya miƙo mini. Daga nan sai ƙura da gargada har Maltam, sannan Kusuri, inda aka kashe Rabe a Afrilun 1900 tare da kwamandan Faransa Lamy. Sunan Lamy ɗin aka sa wa garin da ke tsallake, shi ya sa tsofaffinmu har yau Fallomi suke cewa, ko da yake tun 1973 ya koma N'Djamena.

Muka haye gadar Ngueli a kan kogin Logone cikin cunkoson babura. Yaya na jiran mu a tsallake cikin lafaya ruwan goro. Mun yi shekaru ba mu haɗu ba, muka rungume juna muna kuka a bakin titi.

Ana jibi ɗaurin aure ta ja ni babbar kasuwa, kusa da masallacin Sarki Faisal, sayen kayan dilka da humra. A bakin wata ƙofa ta tsaya ta ce, "Nan ne." Da dare, bayan an sha shayi, na tayar da maganar gaban mijinta, Alhaji, wanda ke da shagon yadi a kasuwar. Shi ya ba ni labarin tiryan-tiryan. Ranar 15 ga Yunin 2015 aka kai hari hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu, sama da mutum 30 suka mutu. Bayan kwana biyu, ana jajiberin azumi, Firaminista Kalzeubé Pahimi Deubet ya tara shugabannin addini ya sanar da haramta duk suturar da ke rufe fuska, ya ce jami'an tsaro su shiga kasuwanni su kwashe burƙa su ƙone. Ranar 11 ga Yuli wani ya zo ƙofar nan da Yaya ta nuna mini cikin shigar mata, fuska a rufe, da aka tare shi ya tayar, mutum 15 suka rasu. Maƙwabcin shagon Alhaji na cikinsu.

Na ce, "Alhaji, ai namiji ne ya yi, kuma bayan an kafa dokar." Ya ce, "Shi ya sa ma. Da fuskarsa a buɗe take, da tun daga titi an gane ƙato ne." Ya ce kada in haɗa su da Faransa, wadda ta hana niƙabi a 2010 ba tare da bam ya tashi a ƙarƙashinsa ba. Su Musulmi ne suka fi yawa a ƙasar, shugabansu na lokacin Idriss Déby Musulmi ne, majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci ta goyi baya, kuma malamai sun yarda mace ta buɗe fuska in lalura ta kama, kamar wajen ba da shaida. Ban musa masa wannan ba. Ni kaina in aka ce in nuna fuskata a ƙofar kasuwa don ran mutane, zan nuna.

Abin da na ce masa shi ne, doka ta tsaya a fuska, amma idon jama'a bai tsaya nan ba. A Oktoban shekarar 'yan sandan N'Djamena sun kama mata 62 saboda lulluɓi, kuma ba a ce an sami bam a jikinsu ba. Mu ma a Najeriya, a ƙarshen Disambar 2015 Shugaba Buhari ya ce a hirarsa da 'yan jarida in hare-haren suka ci gaba za a iya duba batun hana hijabi, hijabi fa, ba niƙabi ba, sai da Musulmi suka yi caa fadarsa ta fito ta ce ba a hana ba. An kai matsayin da za a tuɓe wa miliyoyin mata suturar da suke salla da ita saboda laifin waɗanda suke sace musu 'ya'ya. Babbar riga ma tana ɓoye jigidar bam, maza sun sha tayarwa a masallatai cikin sahu, ban taɓa jin an kawo shawarar hana ta ba. Alhaji ya yi shiru, ya juya kofin shayi a hannunsa, ya ce, "Wannan kam haka ne. Amma ke ba ki kwashi gawa ba." Shi bai janye ba, ni ma ban janye ba, Yaya ta ce dare ya yi, gobe akwai lalle.

A wurin lallen ne na zauna kusa da wata maƙwabciyarsu, Bahaushiya haifaffiyar can, kakanninta sun taso daga Katsina za su Makka a ƙasa suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Na lura sai da maza suka fita ta cire takunkumi daga fuskarta. Ta ce da niƙabi ta girma, kuma a 2015 tana da tebur a kasuwa tana sayar da turare. Da dokar ta zo ta kasa fita da fuska a buɗe, ta ji kamar an tuɓe ta, ta kuma ji tsoron kamu, sai ta zauna a gida wata da watanni har wani ya gaje wurin. Mijinta ya rasu bayan nan, ya bar ta da yara biyar. Sai da korona ta zo, kowa ya rufe hanci da baki, har jami'an da ke kamen, sannan ta sami hanyar fita: lafaya a ka, takunkumi a fuska. Tebur dai ya tafi. A gida take haɗa humra da turaren wuta yanzu, 'ya'yanta na kai wa gidajen biki.

Ta aika yaro ya ɗauko mini kwalabe uku na gwada. Haɗinta ya fi wanda nake saya a Kano nesa ba kusa ba. Na sayi abin da sefar hannuna ta iya, muka yi magana a kan cewa duk ƙarshen wata za ta ba wani direban Kusuri kaya ya kai Maiduguri wurin 'yar'uwata, daga can a sa mini a motar Kano, ni kuma in sayar wa malaman makarantarmu da iyayen yara in turo mata kuɗinta.